Jagorar Nazarin Tace Wasannin Kwaikwayo da 'Yancin Ɗab'i a Ingila ta Zamanin Shakespeare da Kayan Karatu na Kyauta

Duk ɗalibin adabin Ingilishi da aka bai wa aikin rubutu kan 'yancin ɗab'i da wasan kwaikwayo tsakanin 1557 da 1660, abin da ya fi kayar da shi ba rashin littattafai ba ne. Yawancin takardun asali na wancan zamani suna intanet kyauta. Matsalar ita ce mutum ya haɗa ƙofofi uku da ba ɗaya ba ya kira su duka "tacewa", sai binciken nasa ya rikice tun daga tushe. Don haka kafin ka buɗe kowane shafi, ka raba su a takardarka.

Ƙofa ta farko ta dandamali ce. Kafin 'yan wasa su nuna sabon wasa, sai wani jami'in fada mai muƙamin Master of the Revels, wato mai kula da wasanni da shagulgulan sarki, ya karanta rubutun ya sa hannu a ƙarshensa. Edmund Tilney ya samu wannan iko a rubuce a 1581, George Buc ya gaje shi a 1610, Henry Herbert ya kama aikin a 1623. Ƙofa ta biyu ta maɗaba'a ce: izinin buga littafi, wanda dokar kotun Star Chamber ta 1586 ta ɗora wa Akbishop na Canterbury da Bishop na Landan da limaman da suka wakilta. Daga wajen 1607 ofishin mai kula da wasanni ya riƙa ba da izinin buga wasannin ma. Ta ukun kuwa rajista ce a littafin ƙungiyar masu ɗab'i da sayar da littattafai, Stationers' Company, wadda ta samu takardar sarauta a 1557. Wannan ta uku harkar kasuwanci ce. Mai buga littafi yakan biya sisi a rubuta sunansa don kada abokin sana'a ya buga masa kaya. Wanda ya san yadda hukumar tace fina-finai ta Kano ke duba fim kafin ya fita zai gane ƙofa ta farko da sauri, amma kada kwatancen ya wuce nan, domin jami'in Ingila mutum ɗaya ne da ke cin abinci daga kuɗin da 'yan wasa ke biyansa, kuma sau da yawa sa hannunsa kariya ce gare su.

Mataki na farko: zaɓi wasa ɗaya, ka nemo tarihin bugunsa

Kada ka ɗauki "tacewa a zamanin Elizabeth" baki ɗaya. Ɗauki wasa guda wanda aka san an yi rigima a kansa. Masu sauƙin bi su ne Richard II da Othello na Shakespeare, da Eastward Ho na 1605, da A Game at Chess na Thomas Middleton, da Sir Thomas More, wanda shi rubutun hannu ne ba bugu ba.

Fara da DEEP, wato Database of Early English Playbooks, wanda Alan Farmer da Zachary Lesser suka haɗa. Ya tattara bayanin duk wasan da aka buga a Ingila da Sikotland da Ayalan har zuwa 1660. Rubuta sunan wasan, zai fito maka da kowane bugu daban. A kan kowane bugu ka kwafe abu shida cikin teburi: shekarar bugu, sunan mai maɗaba'a, sunan wanda ya zuba kuɗin bugawa, ƙungiyar 'yan wasan da aka ambata a bango, ranar rajista in akwai, da lambar STC ko ta Wing. Lambar nan ita ce shaidar littafin a ko'ina. STC da Wing kundayen jerin littattafai ne: STC na littattafan 1475 zuwa 1640, Wing kuma na 1641 zuwa 1700. Da ita za ka riƙa nema a sauran shafuka, domin sunayen littattafan wancan lokaci dogaye ne kuma rubutunsu ba ya zama iri ɗaya.

Mai maɗaba'a da mai zuba kuɗi ba lallai mutum ɗaya ba ne. In bango ya ce wane ya buga domin wane, na biyun ne mai littafin, shi za ka nema a rajista. Ɗalibai da yawa kan nemi sunan mai maɗaba'a, su rasa, su yanke cewa ba a yi wa littafin rajista ba.

Idan wasan ba na Shakespeare ba ne, duba EMED na ɗakin karatu na Folger da ke Washington, wanda ke da bayanin wasanni sama da 400 da aka nuna a Landan tsakanin 1576 da 1642. In kuwa wasan ya ɓata gaba ɗaya, kamar The Isle of Dogs na 1597 wanda ya kai Ben Jonson kurkuku, wurin zuwa shi ne Lost Plays Database. A can ake tara duk abin da takardun gwamnati da na 'yan wasa suka faɗa game da wasan da rubutunsa bai tsira ba, kuma irin waɗannan sun fi waɗanda suka tsira yawa.

Mataki na biyu: rajistar masu ɗab'i

Stationers' Register Online ya ƙunshi shigarwar rajista daga 1557 zuwa 1640. An gina shi a kan kwafin da Edward Arber ya buga cikin juzu'i biyar tsakanin 1875 da 1894, kuma juzu'an Arber ɗin suna Internet Archive in kana son ganin shafin da abin da ke kewaye da shi. Nemo shigarwar wasanka ka karanta ta a tsanake, musamman inda ta ce "a ƙarƙashin hannun" wane da wane. Sunayen da suka biyo baya su ne labarin. In ka ga shugabannin ƙungiya kaɗai, izinin cikin gida ne. In ka ga sunan limami ko na Buc ko na Herbert tare da su, to littafin ya ratsa hannun hukuma.

Abubuwa uku ne ke yaudarar mutane a nan. Rashin shigarwa ba ya nufin an buga littafi a ɓoye, domin littattafai masu yawa da ba su da wani laifi ba a taɓa yi musu rajista ba, mai su ya ƙi kashe sisinsa ne kawai. Sannan bayanan 1571 zuwa 1576 sun ɓata, ba ruwan kowa. Na uku, akwai wata sanarwa ta 4 ga Agusta 1600 da ta ce a dakatar da wasanni huɗu, ciki har da As You Like It da Henry V da Much Ado About Nothing. Mai gaggawa zai ce an haramta su. Amma biyu daga ciki sun fito a kasuwa a wannan shekarar, kuma masana sun fi ganin takaddamar mallaka ce, ba hukuncin gwamnati ba.

Mataki na uku: karanta dokokin da kansu

Shafin Primary Sources on Copyright (1450–1900) yana da hoton takarda da kwafinta da sharhi na takardar sarauta ta 1557, da dokokin Star Chamber na 1586 da 1637, da dokar lasisi ta 1662. British History Online yana da tarin dokokin majalisa na 1642 zuwa 1660, inda za ka samu umarnin 2 ga Satumba 1642 na rufe gidajen wasa da na 14 ga Yuni 1643 na mayar da tantance littattafai kafin bugu. Don takardun da suka shafi 'yan wasa kai tsaye, sauke juzu'i na huɗu na The Elizabethan Stage na E. K. Chambers, bugun 1923, wanda ke da rataye guda na wasiƙun majalisar sarki da na magajin garin Landan jere bisa shekara.

Duk dokar da ka karanta, ka amsa tambaya huɗu a gefe: wa ya kafa ta, me ta hana takamaimai, mene ne hukuncinta, kuma akwai shaidar an taɓa zartar da shi? Ta huɗun ce mai wuya. Dokar 1586 ta taƙaita maɗaba'u ga Landan da jami'o'in Oxford da Cambridge, amma maimaita irin wannan doka da ƙarin tsanani a 1637 alama ce cewa ba a bin ta yadda ake so. Doka tana gaya maka abin da hukuma ta yi niyya, ba abin da ya faru a kasuwa ba.

Kada ka tsallake dokar 1606 da ta hana ambaton sunan Allah da wasa a kan dandamali, wadda ta sa tarar fam goma kan kowane laifi. Fam ɗaya sule ashirin ne, sule ɗaya kwabo goma sha biyu, ɗan kallo kuwa da kwabo ɗaya yake shiga ya tsaya a filin gidan wasa. Ka lura dokar ta shafi furuci ne a dandamali, ba ta ce komai kan littafi ba. Wannan bambanci zai yi maka amfani yanzun nan.

Mataki na huɗu: kwatanta bugu da bugu

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. EEBO, taskar tsofaffin littattafan Ingilishi a intanet mai hotunan shafuka, na kuɗi ne, amma kwafin rubutunsu da aka shigar a kwamfuta da hannu, EEBO-TCP, kyauta ne: an saki sama da littattafai 25,000 a farkon 2015, daga baya aka ƙara kashi na biyu, jimilla ta kai wajen 60,000. Ana samunsu ta shafin Jami'ar Michigan da kuma EarlyPrint, wanda ya fi sauƙin bincike. Na Shakespeare kuwa, Internet Shakespeare Editions na Jami'ar Victoria a Kanada yana da kwafin ƙananan bugu da ake kira quarto da na babban kundin 1623 da ake kira Folio, da tsohon rubutunsu, ɗakin karatu na Bodleian kuma ya sa hoton nasa Folio ɗin kyauta.

Ɗauki Othello. Buɗe quarto na 1622 a taga ɗaya, Folio na 1623 a ɗaya, ka fara daga fitowa ta farko. A quarto, maganar Iago ta farko tana buɗewa da rantsuwa da jinin Allah a taƙaice. A Folio babu ita, maganar ta fara daga kalma ta gaba. Bi haka layi bayan layi kana cika teburi mai ginshiƙi huɗu: wurin, abin da ke quarto, abin da ke Folio, da irin bambancin. Za ka tara rantse-rantse sama da hamsin da aka cire ko aka sassauta. Amma za ka kuma ga Folio na da layuka wajen 160 da babu su a quarto, ciki har da waƙar Desdemona. Waɗannan ba su da alaƙa da dokar 1606. Ko rantsuwar ma, tunda dokar ba ta shafi bugu ba, sai ka tambayi kanka wa ya cire: 'yan wasa ne suka gyara littafin aikinsu, ko magatakardan da ya kwafe rubutun ne ke da wannan ɗabi'a? Rubuta duka yiwuwar biyu, ka faɗi wadda shaida ta fi goya wa baya.

Richard II ya fi sarƙaƙiya. Ɓangaren da sarki ke miƙa kambinsa a gaban majalisa, a babi na huɗu, babu shi a bugun 1597 da biyun 1598. Ya fara bayyana ne a bugun 1608, bayan rasuwar Sarauniya Elizabeth, har wasu kwafe suka yi tallarsa a bango. Yana da sauƙi a ce an tace shi, kuma masana da dama haka suka ce. Sai dai babu takardar umarni ko ɗaya da ta tsira, kuma wasu na ganin daga baya aka rubuta ɓangaren. Abin da ke hannu tabbas shi ne bayanin da ɗan wasa Augustine Phillips ya bayar cewa magoya bayan Earl na Essex sun ƙara musu sule arba'in don su nuna wasan tuɓe Sarki Richard a jajiberin tawayen da ya yi wa Sarauniya Elizabeth a Fabrairu 1601. Hoton takardar da kwafinta suna shafin Shakespeare Documented. Karanta ta da kanka, ka kuma lura cewa ba a hukunta 'yan wasan ba.

A kwafin TCP akwai tarko. Inda masu kwafa suka kasa karanta harafi sukan sa ɗigo baƙi ko wata alama ta giɓi. Wannan lalacewar hoton da suka yi aiki da shi ce, ba hannun mai tacewa ba. Haka kuma binciken kalma yakan dawo babu komai saboda rubutun zamanin: u da v suna musanya, i da j ma haka, w kan zo a matsayin vv, dogon s kuma yana kama da f, abin da ke lalata binciken cikin fayilolin Internet Archive da na'ura ta karanta. Gwada kalma da siffa uku ko huɗu kafin ka ce babu ita. Ma'anar kalma a wancan zamani kuwa, duba LEME na Jami'ar Toronto, tarin ƙamusoshin da mutanen lokacin suka rubuta da kansu.

Mataki na biyar: inda hannun mai tacewa ya fito fili

Shaidar da ba ta da gardama ita ce rubutun hannu mai ɗauke da alamar jami'in, kuma irinsa kaɗan ne. A shafin farko na Sir Thomas More, wanda ke ɗakin karatu na Birtaniya da lamba Harley 7368, Tilney ya rubuta umarnin a cire tarzomar da aka yi wa baƙi a Landan gaba ɗaya da dalilinta, a taƙaita ta da ɗan bayani, ya ƙara da cewa in sun saɓa su kuka da kansu. Bugun W. W. Greg na 1911 yana Internet Archive, ya nuna hannun kowane marubuci da wuraren da aka ja wa layi. Shafukan ɗakin karatun Birtaniya sun samu matsala tun harin intanet na Oktoba 2023, don haka in mahaɗi ya ƙi buɗewa, manna shi a Wayback Machine, mai adana tsofaffin kwafin shafukan intanet.

Littafin ofis na Herbert ya ɓata, abin da ya rage guntaye ne da Edmond Malone da wasu suka kwafa, waɗanda J. Q. Adams ya tara a 1917, shi ma yana Internet Archive. A ciki za ka ga Herbert ya ƙi amincewa da wani wasan Philip Massinger a 1631 saboda ya taɓo batun tuɓe Sebastian sarkin Fotugal alhali Ingila na zaman lafiya da Sifaniya. Massinger ya mayar da labarin zamanin Rumawa, wasan ya wuce. Ka tuna kana karanta kwafin kwafi ne, ka faɗi hakan a rubutunka.

A Game at Chess ya nuna iyakar izinin. Herbert ya sa masa hannu a Yuni 1624, aka nuna shi kwana tara a gidan wasa na Globe cikin Agusta, yana yi wa Sifaniya da tsohon jakadanta Gondomar ba'a, sai da jakadan lokacin ya kai ƙara wurin Sarki James aka tsayar. Wasa mai lasisi ne aka hana, kuma matsin ya taso daga diflomasiyya. Ita ma Eastward Ho, ba'ar da aka yi wa mutanen Sikotland ce ta kai Jonson da George Chapman gidan yari. In ka jera waɗannan za ka ga abin da ya fi jawo fushi shi ne taɓa mutum mai rai mai ƙarfi ko ƙasar da ake ƙawance da ita, ba ra'ayin siyasa a dunƙule ba.

Mataki na shida: Milton

Areopagitica, ɗan littafin John Milton kan 'yancin ɗab'i, wanda ya fito a Nuwamba 1644 ba lasisi ba sunan maɗaba'a, martani ne ga umarnin 1643, don haka karanta umarnin tukuna. John Milton Reading Room na Kwalejin Dartmouth yana da matanin da bayani kan kowane suna da ishara. A Open Yale Courses, lacca ta takwas a darasin John Rogers kan Milton a kansa take, kuma akwai rubutacciyar laccar, wadda ba ta cin data kamar bidiyo.

Abin da ake yawan kuskurewa: Milton tantancewa kafin bugu yake yaƙa. Ya yarda a hukunta littafi bayan ya fito, ya fitar da Katolika daga haƙurin da yake nema, kuma a 1651 shi da kansa ya yi aikin ba wa wata jaridar gwamnati izini. Littafin bai sauya doka ba. Tsarin lasisi ya mutu ne a 1695 da majalisa ta ƙi sabunta shi. Dandamali kuwa ya bi wata hanya dabam: dokar 1737 ta miƙa tace wasanni ga Lord Chamberlain, wani babban jami'in fada, ba a soke wannan ba sai 1968. Sannan rufe gidajen wasa na 1642 bai hana buga wasanni ba, DEEP zai nuna maka yadda aka ci gaba da fitar da su a shekarun rufewar.

Kwanan wata da sharhin masana

A takardun hukuma na Ingila, sabuwar shekara tana farawa ne 25 ga Maris, har zuwa 1752. Takardar Phillips ta Fabrairu 1601 tana ɗauke da 1600. Duk kwanan da ya faɗo tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris, bincika ko editan ya riga ya gyara shekarar, in ba haka ba za ka sa sakamako ya riga dalili. Wasiƙun jakadun Sifaniya da Faransa kuma suna gaban kwanan Ingila da kwana goma, saboda kalandarsu dabam ce.

Sai ka gama teburinka sannan ka nemi sharhi. Asusun kyauta na JSTOR, taskar mujallun ilimi a intanet, yana ba da damar karanta wasu ƙasidu kowane wata a kan allo, ban da saukewa. Mujallar Early Modern Literary Studies a buɗe take. Laccocin murya na Emma Smith na Jami'ar Oxford kan Shakespeare da sauran marubutan zamanin suna saukuwa a waya. Sunaye uku za ka nema don gane gardamar: Janet Clare, mai ganin tacewar ta yi tasiri sosai a kan abin da aka rubuta, Richard Dutton, mai ganin jami'in ya fi zama mai shiga tsakani da kare 'yan wasa, da Cyndia Clegg, wadda ta nuna cewa hana littattafai a zamanin Elizabeth ya fi zuwa ne a matsayin martani ga wani rikici na musamman. In littattafansu sun fi ƙarfin aljihu, sharhin da aka yi musu a mujallu yana JSTOR, kuma yakan kawo hujjar marubucin da sukar da aka yi mata cikin shafi biyu ko uku.

Duk fayil ɗin da ka samu, sauke shi lokacin da netwok ke da kyau, ka sa masa suna da lambar STC da shekara, ka rubuta ranar da ka ɗauko shi da shafin da ya fito. A Internet Archive zaɓi PDF mai baƙi da fari in akwai, ya fi na launi sauƙin nauyi, amma kada ka dogara da fayil ɗin rubutu zalla wajen kawo magana. Koma hoton shafin ka tabbatar da kowane harafi kafin ka sa shi a aikinka.